Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido: Batun Yi Wa Kwamfuta Fomatin

Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a shagunan gyaran kwamfuta, tun daga Sokode har zuwa Kara, Mango da Dapaong, wato "fomatin", ko kuma "formate" a bakin masu jin Faransanci. Kwamfuta ta yi nauyi wajen tashi, a yi mata fomatin. Fayiloli sun ɓace, a yi mata fomatin. Wani saƙo ya dinga faɗowa a kan allo ba a san daga inda ya fito ba, a yi mata fomatin. Mai kwamfuta zai biya kuɗin aiki, ya ɗauki na'urarsa tana gudu kamar sabuwa, sai ya isa gida sannan ya tarar babu ko takarda ɗaya daga cikin abin da ya yi shekaru yana tarawa. Mu a ganinmu, sau da yawa asarar da wannan magani ke jawowa ta fi wadda cutar kanta ta yi, kuma lokaci ya yi da masu gyara da masu kwamfuta da hukumomi za su sake duban wannan al'ada.

Wani zai iya tambaya, mene ne abin tayar da hankali a kan kwamfutar gida, alhali ga matsalolin tsaro da tsadar rayuwa sun sha wa jama'a kai? Amsar tana cikin abin da aka ajiye a cikin kwamfutar. Lokacin da kamfanin CAFE Informatique ya fara haɗa jama'a da intanet a Lome cikin shekarar 1997, kwamfuta kayan ofisoshin gwamnati ce da manyan kamfanoni. Yau kwamfutocin gwanjo da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome sun bi babbar hanyar arewa, sun wuce kilomita 600, sun shiga gidajen malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa a yankin Savanes, wanda ƙidayar 2022 ta nuna mutanensa sun haura miliyan ɗaya. A watan Maris na 2022 kuma babbar wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano, ta kamfanin Google, ta fara sauka a Afirka ta gaɓar Lome. Na'urori sun yawaita, hanyar sadarwa ta faɗaɗa, amma sanin yadda ake kula da abin da ke cikinsu bai tafi kafaɗa da kafaɗa da su ba.

Mu ɗauki misali da Korbongou, hedikwatar ƙaramar hukumar Tône 4, wadda ba ta da nisa da Dapaong. A gari irin wannan, kwamfuta guda ɗaya takan ɗauki nauyin mutane da yawa. A cikinta malami ke tara makin ɗalibansa da tambayoyin jarrabawa. A cikinta sakataren ƙungiyar manoma ke rubuta wanda ya karɓi taki bashi da wanda ya biya. A cikinta ɗalibin Jami'ar Kara da ya dawo hutu ke rubuta kundin kammala karatunsa. A cikinta mai shagon buga takardu ke ajiye hotunan takardun haihuwa, takardun shaidar ɗan ƙasa da takardun filaye na mutanen unguwa. Tun daga harin farko da aka kai a gundumar Kpendjal a watan Nuwamba na 2021, da dokar ta-ɓaci da aka kafa a yankin Savanes a watan Yuni na 2022, iyalai da dama sun baro ƙauyukansu cikin gaggawa. Ga wanda ya fito daga gida da abin da hannunsa zai iya ɗauka kawai, hoton takardarsa da ke cikin kwamfutar wani ɗan'uwa yana iya zama shi ne kaɗai shaidar da ta rage masa. Irin wannan amana ce ake shafewa cikin 'yan mintoci idan aka ce a yi fomatin ba tare da tambaya ba.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci abin da fomatin ke yi, domin rashin fahimtarsa ne tushen matsalar. Faifan ajiya na kwamfuta kamar babban sito ne mai ɗakuna dubbai, sannan akwai littafi a bakin ƙofa da ke nuna kayan wane suna ɗaki kaza, na wance suna ɗaki kaza. Fomatin iri biyu ne. Na gaggawa, wanda shi aka fi yi, littafin nan kawai yake yagewa ya ajiye sabo fari fat. Kayan suna nan a ɗakunansu, sai dai kwamfuta ta ɗauka sito fanko ne, saboda haka duk sabon abin da aka shigar, a kan tsohon za a zuba shi. Wannan ne ya sa da zarar an yi fomatin an kuma ɗora sabuwar Windows da sauran manhajoji, wani ɓangare na tsofaffin fayiloli ya tafi ke nan har abada. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista zuwa yau, bi yake ɗaki-ɗaki yana rubuta sifili a kan komai, kuma bayansa babu abin da mai gyara zai iya dawowa da shi. A sababbin faifan nan da ake kira SSD, waɗanda ba su da abin da ke juyawa a ciki, lamarin ya fi tsanani, domin su da kansu suke share duk ɗakin da aka ce musu ba a buƙatarsa, ko da fomatin na gaggawa aka yi.

Abin takaicin shi ne, cutar da ta fi addabar kwamfutocin gida a wannan yanki ba ta buƙatar wannan ɗanyen aiki. Muna nufin ƙwayar cutar da ke yawo a ɗan filas, wanda a nan aka fi sani da "kile". Tun da daɗewa masu ƙirƙirar waɗannan miyagun manhajoji suka gano cewa a wuraren da intanet ke da tsada, ɗan filas shi ne motar haya da kowa ke shiga: daga shagon buga takardu zuwa makaranta, daga makaranta zuwa ofis, daga ofis zuwa gida. Ƙwayar Conficker da ta ɓulla a watan Nuwamba na 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, kuma ɗan filas na cikin hanyoyin da ta bi. Har cibiyar kwamfutocin sojojin ruwan Faransa ba ta tsira ba a watan Janairu na 2009. A 2011 kamfanin Microsoft ya toshe ƙofar da ke bai wa ɗan filas damar kunna manhaja da kansa da zarar an soka shi. Sai masu ɓarna suka sauya dabara. Yanzu ƙwayar ɓoye fayilolin mutum take yi, ta ajiye wasu alamomi masu kama da su, masu ɗan kibiya a gefe. Mai kwamfuta ya danna yana zaton takardarsa ce, ashe cutar ya kunna da hannunsa.

To, a nan ne ake tafka asara a banza. Fayilolin ba a cinye su ba, lulluɓe su aka yi. Duk wanda ya duba zai ga ɗan filas ɗin yana nuna a cike yake, ko da yake ba a ganin komai a ciki. Mai gyaran da ya san aikinsa zai cire ƙwayar da manhajar riga-kafi, ya umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko ya yi amfani da umarnin nan na attrib da ke cikin kowace Windows, sai ga takardu sun bayyana lafiya lau. Aikin bai fi na 'yan mintoci ba. Amma wanda bai sani ba, ko ya sani yana gaggawa, sai ya ce wa mai kaya "bairos ya cinye komai", ya shafe. Wannan daidai yake da ƙona rumbu da hatsin cikinsa saboda ɓera ya shiga.

Adalci dai shi ne mu faɗi cewa akwai lokacin da fomatin ya zama dole, kuma masana harkar tsaron kwamfuta ba su musanta haka ba. Akwai ƙwayoyin cuta irin su Sality, wadda aka fara gani tun 2003, da ke manne wa kusan kowace manhaja da ke cikin kwamfuta, ta yadda ko an cire su daga wuri ɗaya sai su sake tsirowa daga wani. Akwai masu maƙalewa a can ƙarƙashin Windows inda manhajar riga-kafi ba ta iya hango su. Akwai kuma masu leƙen abin da mutum ke bugawa, su kwashi kalmomin sirrinsa na imel da Facebook da asusun banki su aika wa ɓarayi. Kwamfutar da ta kamu da irin waɗannan, babu mai iya rantsuwa cewa ta warke sai an share ta an sake ɗora mata komai daga tushe. Haka nan mun san halin da masu gyara ke ciki. Binciken faifai guda yana iya cin rabin yini, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ga kuɗin sayen data don sabunta manhajar riga-kafi, ga mai kaya ya zo daga ƙauye a kan babur yana so ya koma kafin magariba, kuma ba ya son biyan fiye da abin da ya saba. A irin wannan yanayi, fomatin ne hanya mafi sauri ga kowa. Saboda haka ƙorafinmu a kan tsarin aikin yake: me ya kamata a fara yi, me ya kamata ya zo daga ƙarshe.

Tsarin kuwa ba boyayye ba ne. Da zarar mutum ya ga alamar cuta, abu na farko shi ne ya raba kwamfutar da intanet, ya daina soka mata ɗan filas, ya kuma daina ajiye sabon abu a cikinta. Na biyu, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai na daban. Ko da Windows ta ƙi tashi gaba ɗaya, ana iya tayar da kwamfutar da ɗan filas mai ɗauke da Linux a shiga faifan a kwashi abin da ake so, ko a ciro faifan a haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya. Takardu da hotuna da bidiyo ake kwashewa, ban da manhajoji, domin a jikinsu cutar ta fi laɓewa. Na uku, a bi abin da aka kwasa da manhajar riga-kafi. Na huɗu, kuma wannan ne aka fi tsallakewa, mai kaya ya zauna ya buɗe wasu daga cikin fayilolin da idonsa, ya tabbatar abin da yake nema yana nan. Sai bayan an yi waɗannan ne ya dace a yi fomatin. Bayan an ɗora sabuwar Windows, a sabunta ta kafin a yi komai da ita, a tsaftace duk 'yan filas ɗin gidan, sannan a canja kalmomin sirri ta amfani da wata na'ura mai lafiya, domin fomatin ba ya karɓo kalmar sirrin da ɓarawo ya riga ya ɗauka.

Wanda kuma aka riga aka yi wa fomatin cikin kuskure, kada ya yanke ƙauna tun da wuri, amma ya kashe kwamfutar nan take. Akwai manhajoji na kyauta, kamar PhotoRec da TestDisk waɗanda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙira, da ke bin ɗakunan sito ɗaya bayan ɗaya suna tsinto abin da ba a riga an zuba wani abu a kansa ba. Sau da yawa ana samun hotuna da takardu masu yawa, ko da sunayensu sun ɓace. Amma kowane fim da aka sauke, kowace manhaja da aka ƙara, tana rage abin da za a iya cetowa. Ya kamata a ce kowane shagon gyara a Dapaong da Sokode yana da waɗannan kayan aiki, tunda ko sisi ba a biya kafin a mallake su.

Akwai wata cuta da ta fi duk waɗannan muni, wato mai garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa. Duniya ta farga da ita a ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Amma wadda ta fi shafar talaka mai kwamfutar gida ita ce ake kira STOP ko Djvu, wadda ta bazu tun daga ƙarshen 2018, kuma babbar hanyarta ita ce manhajojin sata da 'yan dabarun buɗe su da ake saukewa kyauta daga intanet. Takan kulle takardu da hotuna, ta bar wasiƙa a kan allo. Ta daɗe tana neman dalar Amurka 980, ko 490 ga wanda ya biya cikin sa'o'i 72. A nan fomatin zai kori cutar, amma ba zai buɗe ko fayil ɗaya ba, sai ma ya shafe kullallun. Shawararmu ita ce kada a biya, domin babu tabbacin ɓarawo zai cika alkawari, kuma a kwashe kullallun fayilolin a adana su kafin a share faifan. Tun watan Yuli na 2016 hukumar 'yan sandan Turai ta Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe shafin No More Ransom, inda ake ba da makullai kyauta na ire-iren wannan cuta da aka samu galaba a kansu. A 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da mabuɗin da ya warware tsofaffin nau'o'in STOP da yawa, ko da yake sababbin sun fi ƙarfinsa. Wanda ya adana kullallun fayilolinsa yana da sauran fata, wanda ya shafe kuwa ya rufe wa kansa ƙofa.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ke sa kwamfutar da aka wanke yau ta koma shago bayan wata biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan Windows ɗin da aka ɗora ta jabu ce, an kuma kashe mata hanyar sabuntawa don kada a gane, sannan aka cika ta da manhajojin sata daga faifan da ya zaga kwamfutoci ɗari, to cutar da aka kora ta ƙofa an dawo da ita ta taga tun kafin mai kaya ya bar shagon. Ga kuma batun tsufa. Microsoft ya daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014, ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, sannan Windows 10 ta bi sahu a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Ma'anar haka ita ce duk ɓarakar da aka gano a jikinsu bayan wa'adin, haka za ta zauna a buɗe. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su cika ba. Ga mai irin wannan na'ura, wanda aikinsa bai wuce buga takardu da lissafi da shiga intanet ba, akwai mafita: Linux Mint ko Ubuntu tare da LibreOffice, kyauta ne, halal ne, akwai su da Faransanci, kuma cutar ɗan filas da aka ƙera don Windows ba ta aiki a kansu. Wanda kwamfutarsa ke ɗaukar Windows ta zamani kuwa ya sani cewa tana zuwa da manhajar riga-kafi ta Defender a jikinta, ba ya buƙatar sayen ta jabu a kasuwa.

Fomatin yana da wata fuska da mutane ba su cika tunani a kai ba. Kamar yadda yake salwantar da abin da ake so a ajiye, haka kuma na gaggawa ba ya shafe abin da ake so a ɓoye. A 2003 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bayyana cewa sun sayi tsofaffin faifai 158 a kasuwar gwanjo, 129 suna aiki, amma 12 ne kawai aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000 da bayanan marasa lafiya da wasiƙun sirri. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi wani faifai a kan dala 40 a wata kasuwa a maƙwabciyarmu Ghana, suka iske takardun kwangilolin tsaro tsakanin kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka a ciki. Idan haka ta faru da manyan kamfanoni, ina ga mai sayar da tsohuwar kwamfutarsa a kasuwar Sinkase da hotunan iyalinsa a ciki? Duk wanda zai sayar ko ya kyautar da kwamfuta, cikakken fomatin ya kamata ya yi, ko ya cire faifan ya riƙe abinsa. Mai gyara kuma ya tuna cewa abin da ya gani a kwamfutar mutane sirrinsu ne. Ƙasar Togo tana da dokar kare bayanan mutane tun ranar 29 ga Oktoba, 2019, kuma kwafar hotunan wani ko yaɗa su ba da izininsa ba cin amana ne tun kafin a kai ga maganar doka.

Duk da haka, kaso mafi girma na alhakin yana wuyan mai kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Faifan ajiya abu ne mai mutuwa ko da cuta ko babu. Zafin watan Maris da Afrilu a Savanes, ƙurar hunturu, ɗaukewar wuta ba zato, faɗuwa daga kan babur, ko ɓarawo da dare, kowanne ya isa ya raba mutum da aikin shekaru. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a mallaki kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a wurare daban-daban, ɗaya daga ciki a wajen gida. Wannan ba sai mai kuɗi ba. Takardun malami na shekara goma za su shiga ɗan filas guda da za a keɓe don ajiya kawai, a ɗaure shi a leda a sa a akwati, ba a kai shi shagon kowa. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabayit 15 kyauta, wanda ya ishi dubban takardu. Ɗalibi zai iya aika wa kansa kundinsa ta imel duk ƙarshen mako. Sakataren ƙungiya ya buga lissafin bashi a takarda duk ƙarshen wata ya ba shugaba ya ajiye. Raba faifai gida biyu, C da D, da wasu ke yi yana da amfani ranar fomatin, amma ba ajiya ba ce, domin idan faifan ya mutu da C da D tare za su tafi. Wanda ke da kwafi, fomatin a wurinsa aikin yini ɗaya ne kawai.

Saboda haka muna kira ga masu gyaran kwamfuta da ƙungiyoyinsu da majalisun masu sana'o'in hannu na Savanes da Kara da yankin Tsakiya da su mayar da wannan ƙa'ida ta zama dokar sana'a: ba a yi wa faifan kowa fomatin sai an gaya masa da harshen da yake ji cewa komai zai tafi, an tambaye shi ko yana da kwafi, an kuma ba shi zaɓin a kwashe masa kayansa a kan ƙarin kuɗin da aka yi ciniki. Masu koyar da yara wannan sana'a su fara koya musu ceto kafin su koya musu shafewa. Su kuma masu kaya su yarda su biya haƙƙin wannan ƙarin aiki, su kuma yi haƙurin barin na'ura ta kwana idan ta kama.

Muna kuma kira ga hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ANCy, wadda dokar ranar 7 ga Disamba, 2018 ta samar, da kamfanin Cyber Defense Africa da aka kafa a 2019 mai gudanar da cibiyar CERT.tg. Togo ta yi suna a wannan fanni, har ta karɓi baƙuncin babban taron tsaron intanet na Afirka a Lome a watan Maris na 2022, kuma kare bankuna da ma'aikatun gwamnati aiki ne da babu mai raina shi. Amma ɗan filas ɗin da ya kwaso cuta a shagon buga takardu na ƙauye, shi ne gobe za a soka a kwamfutar ofishin magajin gari ko ta asibiti. Wayar da kai da aka yi da Faransanci a intanet ba za ta isa ga mai shago a Korbongou yadda shirin rediyo na minti goma sha biyar da Moba, Gurmanci, Kotokoli, Fulatanci da Hausa zai isa gare shi ba. Gidajen rediyon al'umma suna nan a Dapaong da Mango da Sokode, kuma horar da masu gyara na kwana biyu a kowace hedikwatar gunduma ba zai ci wani abin a-zo-a-gani ba. Ƙananan hukumomin da aka zaɓi shugabanninsu tun 2019, waɗanda rajistar haihuwa ke hannunsu, su tabbatar kowace kwamfutar ofis tana da kwafi a wani wuri, su kuma hana soka mata ɗan filas ɗin kowa da kowa. Makarantun da ke koyar da kwamfuta su sa darasin ajiyar kwafi a makon farko.

Daga ƙarshe muna tunatar da mai karatu cewa kwamfuta ana sayen wata, Windows ana sake ɗora ta sau goma, amma lissafin ƙungiya, kundin ɗalibi da hoton mahaifin da ya rasu ba su da kasuwa. Duk wanda ke da irin waɗannan a na'ura guda ɗaya tak, to ya kwafe su a wannan makon tun tana lafiya. Ranar da ta kamu kuma aka ce masa sai fomatin, ya tambayi mai gyara tun kafin ya miƙa ta: "Malam, kayana da ke ciki fa, ina za ka ajiye mini su?" Idan babu gamsasshiyar amsa, ya ɗauki kwamfutarsa ya nemi wani shagon. In kunne ya ji, jiki ya tsira.